Gemun da Ernest Mai Aski Ya Saƙa

Gari bai gama wayewa ba. Masu dawowa daga sallar asuba suna ta wucewa ɗai-ɗai ta layinmu na unguwar Madaki, shi kuwa Ernest yana cikin shagonsa na aski, ya turo ƙofa ya sa sakata. Ba aski yake yi ba. Yana zaune a kujerar da yake ɗora mutane, da tsinken saƙa biyu a hannu, da dunƙulen farin zaren ulu a cinya, ya jingina wayarsa da madubi tana haska masa yatsu. Gemu yake saƙawa. Duk sanda ya ji takun mutum ya matso kusa da ƙofa, sai ya cusa kayan ƙarƙashin tawul, ya yi tsit har takun ya wuce.

Mutum ne da ya ba shekara hamsin baya. Daga Billiri ya zo Gombe yana saurayi, ya koyi aski a wajen wani dattijo a bakin tsohuwar kasuwa, tun ana yi da almakashi da reza kawai, kafin kilifa mai wuta ta cika gari. Ya auri Christy, suka haifi ɗa guda, Desmond, wanda yanzu yake aiki a Jos. Ba shi da yawan magana, abin da ba a saba gani ba a wajen mai aski. Ba ya kunna waƙa, ba ya musun ƙwallo, ba ya tambayarka labarin gidanka. Ka zauna, ya ɗaura maka ƙyalle, ya yi aikinsa, ka tashi. Samari ba su cika zuwa wurinsa ba, sun ce askinsa na 'yan fansho ne. Gaskiyarsu kuwa, 'yan fanshon ne suka riƙe shi.

Ba gwaninta kaɗai ta sa suka riƙe shi ba. Dattawan garin nan da yawa, Musulminsu da Kiristansu, ba sa son gashinsu ya kwana a bola. Wasu na ganin abin da ya fita daga jikin ɗan Adam, ƙasa ce ta dace da shi. Wasu kuma, ko ba su faɗa ba, tsoro suke ji kada wani ya tsinta ya kai inda za a yi musu asiri. Ernest bai taɓa tambayar kowa dalilinsa ba. Kullum da yamma sai ya share shago, ya tara gashin a takarda, ya zagaya baya ya haƙa rami ya binne. Shekara da shekaru haka yake yi, kowa a layin ya gani da idonsa. Da wannan ramin ya ci abinci, ya biya wa ɗansa makaranta.

Maganar gemun daga coci ta taso. Matan cocinsu suna da mako guda a shekara da ake bar musu komai, wa'azi da waƙa da wasan kwaikwayo, kuma a wasan mata ne ke fitowa a maza. A wannan shekarar sun shirya labarin wani tsohon manomi na Kwadon da 'ya'yansa suka watse birni suka bar shi da gona. Christy ce za ta fito a tsohon, don tana da tsawo da babbar murya. Shekarar da ta wuce da auduga aka yi gemu aka liƙa da gam, zufa ta kwance shi ana tsakiyar wasa ya faɗo a ƙasa. Christy ta ce ba za a sake ba, da hannunta za ta saƙa wanda ake ratayawa a kunne. Ta iya kuwa, hulunan jarirai da safa take saƙawa tana kai wa masu shago. Ana cikin haka ta zame a bakin famfo, hannun dama ya karye, aka ɗaure mata shi.

Ranar da matan suka zo dubiya, Ernest yana tsakar gida yana wanke musu kofuna, ya ji suna ta jajanta maganar gemu kamar an yi rashi. Shi da bai saba sa baki a zancen mutane ba, ranar nan bakinsa ya riga shi.

"Gemu dai? Ai kullum a hannuna yake wuni. Ku bar mini."

Mama Hilda, shugabar matan, tsohuwar malamar makaranta mai kaifin harshe, ta leƙo ta taga ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce sun ji, sun kuma shaida, Allah ya ba mai aski sa'a.

Kashegari ya gane abin da ya ɗauko wa kansa. Hannun nan da ke bin bayan kunnen mutum da reza ba tare da ƙwarzane ba, ya kasa riƙe zare. In ya zarga madauki a tsinke sai ya ja shi tamau har ɗaya tsinken ya kasa shiga. In ya sassauta, madaukan su zame su zube, ya rasa inda ya tsaya. Christy tana jingine da filo tana koya masa da baki, tana cewa, "Baban Desmond, sassauta mana. Ba akuya kake ɗaurewa ba." Ya fara layi da faɗin tafin hannu, kafin ya yi nisa abin ya tsuke ya koma kamar harshen takalmi. Sau ɗaya ya saƙa har ya kusa gamawa, sannan Christy ta tambaye shi ta ina za ta yi magana, don bai bar ramin baki ba. Ya warware duka. Gidan haya suke, matan maƙwabta suka fara samun abin yi a ƙofar ɗakinsu, wannan ta zo aron gishiri, waccan ta zo tambayar jiki, kowace ta fita tana danne dariya da bakin zane. Abin da ya kore shi zuwa shago da asuba ke nan.

Na farkon da ya kammala ya kai musu coci da kansa ranar gwaji. Mama Hilda ta ɗaga shi da yatsu biyu, ta tambaya ko sosan wanke tukunya aka aiko musu. Christy ta rataya. Kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ramin baki ya koma kan kumatu, zaren da ya ɗaɗɗaura a jiki ya miƙe ko'ina kamar tsumman goge mota. Mata suka yi dariya har wata ta zauna a ƙasa. Christy ta ce su bari mana, mutum ya yi ƙoƙari, namiji nawa ne zai ko gwada. Wannan kariyar ta fi dariyar yi masa ciwo. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Kuma ya san gaskiyarsu ce. Ya fi su sanin gemu. Gemun tsoho ba fari ɗaya ba ne, akwai toka-toka a ciki, akwai ruwan ɗorawa, kuma kowane gashi da inda yake kwanciya. Ulu ba zai taɓa yin haka ba.

A cikin kwanakin nan Alhaji Bubayero ya zo. Tsohon ma'aikacin ofishin filaye ne, yana aski a wajen Ernest tun kafin a haifi Desmond. Harshensa ya ƙi sunan Ernest tun farko, sai ya mayar da shi Anas, gidansa duka suka bi. Gemunsa kuwa sananne ne a Madaki, fari tas har ƙirji, yana ɗan shafa wa ƙarshensa lalle ya yi ja. Duk Alhamis yake zuwa a daidaita masa gefe, ba a taɓa tsawon. Ranar nan ba Alhamis ba ce, kuma babban ɗansa Muktar ne ya kawo shi a mota. Wani ƙullutu ne ya fito masa a wuya, likitoci za su yi aiki, sun ce sai an sauke gemun. Alhaji ya ce in dai dole ne, to ba yaran asibiti ne za su taɓa shi ba.

Ya zauna, ya cire hula. Ya nuna Muktar ya ce, "Anas, tun kafin a haifi wannan ban ga haɓata ba. Ka yi a hankali."

Ernest bai kunna kilifa ba. Da almakashi ya yi, yana kama gemun damƙa-damƙa, yana yankewa, yana jerawa a kan takarda don kada ya taɓa ƙasa. Alhaji ya rufe ido tun daga farko har ƙarshe. Da aka gama bai kalli madubi ba, ya naɗe fuskarsa da ƙyallen da ya zo da shi kamar mai ciwon haƙori. A bakin ƙofa ya juyo.

"Ka binne shi da kyau."

"In Allah ya yarda, Baba Alhaji."

Da yamma ya haƙa ramin kamar kullum, ya zuba gashin sauran mutane. Takardar Alhaji ta rage a hannunsa. Ya buɗe. Gashi dogo, mai laushi, mai tsabta, yana ƙanshin turare, da toka-tokar da ruwan ɗorawar duk suna nan. Ya daɗe a tsugune. Ya ce wa kansa aro ne kawai, ana gama wasa zai kwance ya binne, ƙasa ba za ta gudu ba. Ya mayar da ƙasa ya rufe ramin, ya shiga shago da takardar a cikin riga.

Daga nan aikin ya canza. Ya sake saƙa ragar da za ta zauna a fuska, wannan karon ta ɗan yi dama-dama, ramin baki ya zo daidai baki. Ya ɗauko kwarashin Christy, ƙaramin ƙarfen nan mai ƙugiya a baki, yana jawo gashin tsinke-tsinke ta cikin ramukan ragar yana ɗaurewa da zaren ɗinki. A nan hannun mai aski ya san hanya. Ya san inda gashi yake cika, da inda yake sirancewa wajen kunne, da yadda yake karkata a ƙarƙashin leɓe. Ya so ya yanke jan ƙarshen, ya ga gemun zai gajarce, ya bari. Ya ce a ransa, wa zai lura daga kan bencin coci.

Da ya kai gida Christy ta shafa shi da hannun hagu, ta tambaye shi inda ya samo. Ya ce gashin kanti ne, irin na masu kitso, a kasuwa ya saya. Ta shinshina ta ce ai turare yake yi. Ya ce a shago ya kwana. Yana faɗa yana kwance igiyar takalmi, bai ɗago kai ba.

Ranar Lahadin wasan coci ya cika, ga zafin bazara, fanka na juya iska mai ɗumi. Christy ta fito da babbar riga da sanda, hannunta ɗaure a cikin riga, gemu har ƙirji. Wasu ba su gane ta ba sai da ta yi magana. Gemun bai motsa ba har aka gama. Mama Hilda ta karɓi makirfo ta ce ta janye maganar soso, ta kira Ernest mai askin Madaki ya miƙe a gan shi. Ya miƙe. Aka yi masa tafi, matasa sun ɗaga waya suna ɗauka. Ya ji daɗi, daɗi sosai. Daga baya, cikin duk abin da ya faru, wannan daɗin ne ya fi ba shi kunya in ya tuna.

Bai binne ba. Ana tashi Mama Hilda ta karɓi gemun ta sa a akwatin kayan mata, ta ce wannan ya zama na ƙungiya, har baɗi. Da zai karɓa sai ya faɗi dalili. Ya ce a ransa zai san dabara. Dabarar ba ta zo ba.

Aikin Alhaji kuwa an yi lafiya, amma wurin ya ƙi haɗewa. Yana da ciwon suga, wurin ya riƙa fitar da ruwa, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Hoton wasan yana ta yawo daga waya zuwa waya, har wata abokiyar aikin Muktar ta nuna masa a ofis don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ga jan lalle a ƙarshen gemun, ya ji an kira sunan mai askin Madaki, ya ga Ernest ya miƙe yana murmushi.

Da rana tsaka ya zo shagon. Ya jira wanda ake wa aski ya tashi, ya tura ƙofa da kansa, ya ajiye wayar a gaban madubi hoton yana tafiya.

"Oga Anas, tun ina yaro ana ɗora ni a kan katako kake mini aski. Abu ɗaya zan tambaye ka. Na Baba ne?"

Ernest yana riƙe da burushi. Ƙaryar gashin kanti tana nan a bakinsa, ta riga ta yi aiki sau ɗaya. Ya dubi fuskar Muktar a madubi, ya kasa.

"Nasa ne."

Muktar ya zauna a benci. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ya san suga ce ke hana ciwon warkewa, likita ya faɗa masa, ya kuma yarda. Amma gwaggonninsa sun ga hoton, sun ce ga dalili nan a fili: an ɗauki gemun mutum an kai wani wuri an yi abin da aka yi da shi, yaya wuya zai haɗe. Tun jiya gidan ba mai cin abinci. "Ni me zan ce musu? In ce don wasan kwaikwayo ka yi? Wa zai yarda mutum mai hankali ya yi wannan don wasa?"

Ernest ya tambaya ko Alhaji ya gani.

"Ya gani. Ya miƙo mini wayar ya juya ya fuskanci bango. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi."

Magana ba ta kwana ba sai da ta zagaye unguwa. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya tsaya a ƙofarsa. Dattawan dai suka daina zuwa. Su wuce ta ɗaya gefen titi, su ɗaga hannu daga nesa, kansu da sabon aski na wani wuri. Wani dattijon cocinsu, wanda ya fi kowa tafi ranar wasan, ya tare shi a hanya ya tambaye shi a hankali, shi nasa gashin fa, yana ina. Ernest ya ce yana ƙasa. Mutumin ya ce to, amma bai dawo ba. Ya riƙa buɗe shago da safe, ya goge madubi, ya jera kaya, ya zauna. Ko ƙofa bai iya tsayawa ba. In zai sayi ruwa sai ya leƙa ya ga ba kowa a layin.

Christy a bakin Mama Hilda ta ji. Ta dawo gida ta wuce shi, ta je bakin famfo ta wanke fuska da sabulu, ta sake wankewa. Ba ƙyamar Alhaji take ba, ta san shi, ya zo bikin sunan Desmond. Sai da ta zauna ta ce, "Ka sa na ɗaura amanar mutum a fuskata, na yi rawa da ita a gaban jama'a. Kuma na tambaye ka." Da yamma ta koma coci da hannunta guda, ta buɗe akwatin mata, ta dawo da gemun a leda ta ajiye masa a gwiwa. Ta ce ya san gidan Alhaji, ita ba za ta raka shi ba.

Ya yi tunanin ya binne kawai ya aika a faɗa. Amma maganarsa a kan rami ta riga ta mutu, wa zai karɓa. Da safe ya sa kayansa na Lahadi, ya ɗauki ledar da kwarashi da ƙaramin almakashi da farin ƙyalle sabo, ya tafi a ƙafa. Hanyar ba ta da nisa, amma duk wanda ya gamu da shi sai ya ga kamar ledar yake kallo.

An bar shi a zaure ya daɗe. Yana jin muryar wata tsohuwa daga ciki tana cewa a tambaye shi me kuma ya zo ɗauka. Daga baya Muktar ya fito ya shigar da shi falo. Alhaji yana kan katifa an jingina shi da bango, wuya a naɗe da bandeji, haɓa ta fara tsiro fari-fari. Da babu gemun, ya zama ɗan ƙaramin tsoho. Ernest ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa ya jiki. Alhaji ya amsa a taƙaice. Duk maganar da Ernest ya shirya a hanya ta gudu. Sai ya shimfiɗa farin ƙyallen a kan tabarma, ya fito da gemun, ya fara kwance ƙulli.

Ya ɗaure su da kyau, don haka kwancewar ta yi wuya. Kowane ƙulli sai ya sa bakin almakashi ya tsinke zaren, ya jawo gashin da kwarashi, ya miƙar da shi, ya kwantar a ƙyalle, jan ƙarshen duk yana kallon gefe ɗaya. Zufa tana ɗiga daga hancinsa, yana kawar da kai kada ta sauka a kan gashin. Muktar ya tafi ofis ya dawo ya same shi a inda ya bar shi. An kawo abinci an ajiye a gefensa, bai taɓa ba. Da aka kira azahar ya fita zaure ya ba Alhaji wuri ya yi salla a zaune, sannan ya dawo ya ci gaba. Wani lokaci labule ya motsa, ido ya leƙo ya koma.

Da ya gama ya juya ragar ciki da waje, ya ɗaga ta a hasken taga, ya tsince 'yan guntayen da suka maƙale. Ya naɗe ƙyallen ya tura gaban Alhaji da hannu biyu. Alhaji bai taɓa ƙyallen ba tukuna. Ragar ya miƙa hannu ya ɗauka, ya jujjuya ta, duk ta karkace, wani wuri a tsuke wani wuri a sake.

"Kai ka saƙa wannan?"

"Ni ne, Baba Alhaji."

"Ba ka iya ba."

"Ban iya ba."

Alhaji ya ajiye ta. Muryarsa ba ta fita sosai saboda wuyan, sai da Ernest ya matso. Ya ce ciwonsa daga Allah ne, bai zarge shi da shi ba, kuma zai faɗa wa mutanen gida haka. Abin da ya dame shi daban ne. Ya ce masa ya yi abu, ya ce to, bai yi ba.

"Anas, da ka tambaye ni."

"Da kun ba ni, Baba?"

"A'a. Amma da ka tambaya."

Ya sa Muktar ya kira gwaggonnin su fito su gani, a haƙa rami a bayan gida a binne a gabansu. Ernest ya ce a ba shi fartanya ya haƙa. Alhaji ya ce a'a, Muktar zai yi. Ernest ya ɗauki ragarsa ya sa a leda, ya yi sallama, ya fita da takalmi a hannu, sai a waje ya tuna ya sa.

Damina ta sauka. Ciwon Alhaji ya haɗe a hankali, kamar yadda likita ya ce zai yi in suga ta sauka. Hannun Christy ya warke, ta koma hulunan jarirai, ta daɗe kafin ta koma yi wa mijinta hira. Dattawa wasu sun dawo, wasu har yau ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo ba su tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba. Ya ƙara zama shiru-shiru. In samari suka tsokane shi suka ce Oga a saƙa mana gemu, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goge kilifa.

Ni facin taya nake yi a gefen shagonsa, abin da ya biyo baya a idona aka yi. Wata Alhamis da safe motar Muktar ta tsaya. Alhaji ya fito da sanda, gemun ya dawo kamar rabin yatsa, ba lalle. Ernest ya miƙe har ya ture benci. Alhaji ya zauna, ya cire hula, Ernest ya ɗauko ƙyallen shago zai ɗaura masa. Alhaji ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya zaro farin hankici babba daga aljihu, ya shimfiɗa a ƙirjinsa da kansa, ya riƙe gefe biyu a ƙarƙashin haɓa.

Ernest ya tsaya da ƙyalle a hannu. Sannan ya mayar da shi kan ƙusa, ya ɗauki almakashi. Ya daidaita gefen a hankali, yana karkata hannu don komai ya faɗa cikin hankicin. Da ya gama ya karkaɗe mataji a ciki, ya goge bakin almakashi a ciki, ya naɗe ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya sa a aljihu, ya ce, "Sai wata Alhamis, Anas." Mota ta ja.

Akwai wani mutum a benci yana jira. Ernest ya juya zai kira shi, sai ya tsaya yana kallon hannun rigarsa. Farin gashi guda ne ya maƙale a wurin. Ya tsince shi da yatsu biyu, ya ce wa mutumin ya yi haƙuri yanzu zai dawo. Ya fito ya tsallake kwata, ya miƙe hanyar gidan Alhaji a ƙafa, yatsun nan biyu a matse a gabansa, ɗaya hannun yana kare su daga iska.